Koren Fenti a Kujerar Baba Kuku

"Ban zo gaisuwa ba, Alhaji. Kujeran Baba na zo ɗauka."

Damata ta faɗi haka ne a tsaye a bakin ƙofar falon Alhaji Kadiri a Maamobi, ko takalmi ba ta cire ba, gammo a hannunta, zaninta sai ƙanshin hayaƙi da man ƙosai yake. Mutum huɗu ne zaune tare da Alhajin, direbobin lorinsa biyu, da wani ɗan kasuwa, da wani tsohon malami mai farin gemu. Duk suka ɗago kai. A Zongo 'yar haya ba ta faɗo wa mai gida haka, balle da hantsi ana tsakiyar shan shayi. Damata ta san wannan sarai. Tukunyar kokonta ta bari a kan wuta, ta tsallako babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi, kuma ba ladabi ta ɗauko ba.

"Subhanallahi," in ji Alhaji, yana gyara zaman babbar rigarsa. "Mma Damata, lafiya dai? Ki shiga ciki mana ku gaisa da Hajiya."

"Lafiya koraa babu, ko kaɗan. Baba Osumanu kwana uku bai kwanta ba. In ya kwanta, numfashi ya tsaya. Disfensa ya ce a zaunar da shi a abu mai baya da hannu. Mun jingina shi a bango, ya zame. Mun tara mishi buhu, ya zame. Yau da bakinshi ya ce, 'Damata, je ki kawo min kujerana.' Shi ya kawo ni."

Wannan Baba Osumanu, wanda duk Nima ke kira Baba Kuku, ɗakinsa ne jikin na Damata a gidan hayar Alhaji. Da ƙafa ya sauko Accra daga wajen Bawku yana saurayi, ya kama aiki a gidan wani Bature a Rij, unguwar Turawa, ya fara da goge takalmi ya ƙare a kicin. Shekara talatin da ɗaya. Bai yi aure mai ɗorewa ba, bai gina ko akurki a garinsu ba, don a gidan Massa, kamar yadda yake kiran Baturen, ba a san ranar hutu ba. A shekarar da Gana ta sami 'yancin kai Baturen ya haɗa kayansa. Kujerun teburin cin abinci goma sha biyu ne, sha ɗaya suka shiga akwati, ta sha biyun aka ce tana da tsagewa a ƙafar baya, ba za ta jure jirgin ruwa ba. Sai Massa ya miƙa wa Osumanu hannu, ya ba shi takardar shaida, ya ce kujerar ta zama tasa. Ladan kenan. Duk lokacin da Damata ta tuna, sai ta ji kamar ta bi Baturen nan har ƙasarsu ta juye masa tukunyar koko mai zafi a ka.

Amma fa kujera ce. Ko Damata da ke jin haushinta ba ta taɓa musun haka ba. Itacen ja ne mai duhu, irin wanda Turawa ke kira mahogani, ɗan'uwan maɗacinmu, ya sha hannu har in ka duƙa kana ganin fuskarka a ciki. Bayanta an yi shi da siffar garkuwa, a tsakiya an sassaƙa wani siririn tulu, zangarniyar alkama na zubowa daga bakinsa. Hannuwanta suna lanƙwasowa a hankali, ƙafafunta sirara masu layi-layi a jiki, suna ƙara tsukewa har ƙasa, kai ka ce ba za su ɗauki kaza ba. Baba ya ce a Ingila aka yi ta tun kakan kakan Massa bai yi gemu ba, kuma ba ƙusa ko ɗaya a jikinta. Kowace Juma'a da safe yakan fito da ita tsakar gida, da gwangwanin kakin zuma da tsumma mai laushi, ya bi layin nan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa.

Bai taɓa zama a kanta ba. Abin da ke kashe Damata kenan. Shekara shida kujerar tana ɗakinsa, shi yana ƙasa a kan buzu, ita tana sama lulluɓe da farin ƙyalle.

"Baba, wannan kujera ne ko amarya?" ta taɓa ce masa.

"Ba ki gane ba, 'yata. A gidan Massa, ranan da ka zauna a nan, ranan ka bar aiki."

"Massa ya tafi oo! Tutanshi ma an sauke!"

"Na sani," ya ce, yana ta gogarsa. "Gwiwana ne bai ji labari ba."

Wasu kuwa sun zauna har sun gaji. A Zongo in sha'ani ya tashi ba a hana aro, ko tabarma ce, ko benci, ko babbar tukunya. Kujerar Baba ta halarci suna da ɗaurin aure da saukar Alƙur'ani fiye da Baban kansa. Liman ya zauna, ango ya zauna, mai unguwa ya zauna. Da yamma a dawo da ita, ya duba ta ciki da waje, ya goge maiƙon hannun mutane. Har wata takwas da suka wuce, da Alhaji Kadiri ya dawo daga Makka ya aiko a ba shi aronta don walima. Walima ta watse, kujera shiru. Sau ɗaya Baba ya yi ta maza ya je ya tambaya, Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ai tana wuri mai kyau, Baba. Ɗakin naka yoyo yake yi." Kuma rufin da ke yoyon na Alhaji ne. Baba ya dawo ya ce an ce za a aiko, bai sake tayar da maganar ba, gwangwanin kakinsa ya bushe a kan taga.

Yanzu Damata ta baza ido a falon. Tun da Alhaji ya dawo daga Makka komai nasa ya koma kore, ƙofa kore, taga kore, har ƙafafun teburin shayi. Ba ta ga kujerar ba.

"Ina ka sa shi?"

Alhaji ya yi dariya, ya dubi baƙinsa. "Kun gani ko? Ita ma ba ta gane ta ba. Ai ga ta nan, a kanta nake zaune."

Ya miƙe ya tattare rigarsa.

Damata ta zuba wa kujerar ido. Kore ce shar, irin koren da ke jikin lorin goro, mai kauri, mai ƙyalli. Tulun da ke bayanta ya cushe ya zama wani dunƙule, alkamar ta nutse, layin ƙafafu duk fenti ya cike su ya daskare da 'yan ɗigo-ɗigo. Mazaunin an buga masa jar leda da ƙusoshi. A saman garkuwar kuma, da ruwan ɗorawa, da irin rubutun nan mai wutsiya da ake yi a goshin mota, an rubuta ALHAJI KADIRI.

"Dramani mai rubutun lori ya gyara ta," in ji Alhaji, da gaske yake alfahari. "Fenti mai kyau, shafi uku. Da ta yi baƙi ƙirin kamar tsohon turmi, ko kunya ba ka iya ajiye ta gaban baƙo. Yanzu dubi. Baba ma godiya zai yi."

"Godiya," in ji Damata. "Shekara talatin da bakwai mutum yana goge abu da hannunshi, kai ka ba mai fentin mota? Ka rubuta sunanka a kai? Alhaji, a Makka aka koya maka haka?"

Ɗaya direban ya ajiye kofinsa. Fuskar Alhaji ta canza.

"Ke, iya bakinki. In wurin zama mara lafiya yake so, ga waccan mai kushin, ta fi laushi, a ɗora a mota a kai masa."

"Nashi ya ce."

"Mace, ki dai tuna a gidan wa kike kwana."

"Na tuna paa, sarai. Gidan da in ruwa ya sauko muke kwana da kwano a kan ciki. In ka ga dama ka zo gobe ka watsar min da kaya a lungu. Amma yau kujeran nan zai koma wajen mai shi."

Ta shiga da takalminta har kan dardumar. Alhaji ya ɗora hannu a bayan kujerar, daidai kan sunansa. Sai tsohon malamin nan ya yi gyaran murya.

"Alhaji, aro ne ko saye?"

Alhaji ya dubi ƙasa.

"To mai ita yana kan gargara," in ji malamin, ya koma kan carbinsa.

Hannun ya janye. Damata ta naɗa gammo, ta ɗaga kujerar ta kifa a ka, ƙafafu a sama, ta fita ba sallama.

Kujerar ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ƙara mata haushi. Ta bi lungu tana huci, tana kauce wa ruwan wanke-wanke da awaki, ta hau katakon da aka gitta a kan kwata ba ta ko dubi ƙasa ba. Mata a layin famfo suna kiranta, "Mma Damata, sabon kujera? Wa ya yi aure?" Ta wuce abinta. Tana zagin Alhaji a zuci, ta gama ta koma kan Dramani, ta gama ta koma kan Baturen da ya mai da namiji mai tsoron itace. Daga ƙarshe ta sauka a kan Baban kansa, da ya yi shiru wata takwas kamar ba shi da baki. Ta kuma haɗa da kanta, don ita ma tana gani ta yi shiru, tana tsoron ɗakinta.

A bayan masallacin lungunsu ta sauke kujerar. Ta sa farce ta gwada, fentin ko gezau. Ta tsinci fasasshiyar kwalba a ƙasa, ta riƙe ta a kan hannun kujerar, ta kasa. Kwana uku ma ba za su isa ba, Baba kuwa ba ta da tabbacin zai kai la'asar. Ta jefar da kwalbar, ta cire mayafinta ta lulluɓe kujerar, kamar hakan zai hana wani abu.

Da ta shiga ɗakin Baba, Asana, maƙwabciyarsu ta ɗakin ƙarshe, tana durƙushe ta tallafe shi a jikin bango. Ƙafafunsa sun kumbura sun yi sumul, ƙirjinsa na ɗagawa da ƙyar, kowane numfashi da ɗan ƙara a ciki. Idanunsa sun daɗe da yin yana, haske da duhu kawai yake bambancewa. Amma ya ji saukar ƙafafun nan huɗu a kan siminti, ya juyo.

"Kin kawo shi."

"Na kawo, Baba."

"Matso da shi."

Ta matsar. Ya miƙa hannu, ya ci karo da mayafi, ya janye shi a hankali yadda ya saba janye farin ƙyallensa. Asana ta ga koren ta toshe baki. Yatsunsa suka sauka a kan ƙafar gaba, suka gangara neman layin da suka sani, suka tsaya. Suka hau sama. Suka shafa ledar, suka taɓa kan ƙusa ɗaya, biyu, uku. Suka isa inda tulun yake, suka daɗe a wurin suna zagayawa. Sa'an nan ya kai yatsun hancinsa.

"Fentin lori," ya ce.

Damata ta fashe. "Alhaji ne, Baba! Har sunanshi ya rubuta, Allah ya isa! Wallahi zan kankare shi tas, ko wata guda zan yi. Zan kai ƙaranshi wajen mai unguwa, zan tsaya a bakin masallaci ran Juma'a in faɗa ma kowa!"

Baba ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa suka soma girgiza, wani sauti na fita daga maƙogwaronsa. Asana ta fara salati, a zatonta tafiyar ce ta zo. Sai da Damata ta duƙa ta ga bakinsa, ta gane dariya yake, hawaye na bin kumatunsa.

"Madam," ya ce, yana haki. "Matar Massa da take bin shi da farin hankici... ta ga ko na bar ƙura... Ta zo ta gani yau." Tari ya sarƙe shi, ya lafa. Ya sake ɗora tafin hannu a kan ledar, ya danna, kamar mai taya katifa a kasuwa. "Massa ko a hanya ya gamu da shi ba zai san shi ba. Wannan ba kujeran Massa ba ne kuma. Damata, ɗaga ni."

"Baba?"

"Ɗaga ni in zauna."

Suka kama shi ita da Asana, ɗaya a kowace hammata. Gwiwoyinsa suka ɗan tsaya a sama, suka yi rawa, sa'an nan suka saki. Kujerar ta yi ƙara sau ɗaya a ƙafar baya, ta karɓe shi. Bayansa ya sami garkuwar, hannuwansa suka kwanta a kan nata kamar an auna. Ya ja numfashi, ya shiga har ƙasa, irin wanda bai samu ba kwana uku.

Damata ta tsaya tana kallonsa, maimakon sanyi sai ta ji ranta ya ƙara ɓaci. Ashe lokacin da kujerar take da kyau, tana ƙyalli da gumin hannunsa, bai ga ya isa ba. Sai da aka lalata ta, aka shafe ta da ragowar fentin mota, aka buga mata sunan wani, sa'an nan ta yi daidai da shi. Wannan ya fi mata fentin ciwo.

"Sai da aka ɓata shi, Baba," ta ce. "Sai da aka ɓata shi sannan ka zauna."

"Ki bar faɗa, 'yata. Koko ya rage?"

Tukunyar ta kama a gindi, amma ta samo na sama, ta ba shi da ludayi. Ya sha uku ya kau da kai. Ya ce su juya shi ya fuskanci ƙofa. Hasken tsakar gida ya faɗo masa a fuska, ya ɗaga haɓa.

"Ashe daga nan iska yana samun mutum," ya ce.

Aka kira azahar, ya yi sallarsa a zaune da ishara. Bayan nan ya yi ta magana kaɗan-kaɗan, ba a kan Rij ba, a kan wata kuka da ke bakin kasuwar garinsu, da yadda uwarsa ke dama fura. Duk tsawon lokacin babban yatsansa na dama yana motsi a kan hannun kujerar, ƙat, ƙat, ƙat, a wuri ɗaya. Damata ta ɗauka rawar ciwo ce.

"Asana, ki zama shaida," ya ce can. "Kujeran nan na Damata ne. Kar ya koma Maamobi. Ke kuma kar ki sa mishi kwalba, zai ji ciwo. Kar ki rufe shi da ƙyalle. Ki zauna."

Kafin la'asar ƙarar farcen ta tsaya. Kansa ya ɗan karkata gefe, ya jingina daidai kan sunan Alhaji ya rufe shi. Asana ta shafa masa ido.

Maza suka taru a ƙofar gida, aka jera benci, aka yi masa wanka a ɗakinsa. Kujerar aka fito da ita tsakar gida don a sami fili. Alhaji Kadiri ya iso da babbar riga ruwan toka da mutum biyu a bayansa, ya yi ta'aziyya da murya mai ƙarfi, ya ce likkafani a wuyansa. Sa'an nan ya dubi bencin da aka matsa masa, ya leƙo tsakar gida, ya ce wa wani direbansa, "Ɗauko mini waccan."

Direban ya shigo. Damata na durƙushe cikin mata a kan tabarma. Ta tashi, ta riga shi isa, ta juya ta zauna. Ta ɗora hannuwanta a kan na kujerar, ta miƙe baya, ta zuba wa ƙofar ido. Matan suka juyo suna kallonta. A gidan rasuwa, maza na waje a kan benci, ga mai koko a kan kujera mai hannu. Ta san ɗakinta na iya tafiya a kan wannan zaman, amma ba ta motsa ba.

"Mma, Alhaji ya ce..."

"Da mutum a kai," in ji Asana daga tabarma. "Mai shi ya ba ta, a gabana."

Direban ya tsaya, ya sosa ƙeya, ya koma. Ta cikin ƙofa Damata ta ga Alhaji ya tattare rigarsa ya zauna a bakin benci, kusa da wani ɗan dako, gwiwoyinsa sun kusa taɓa ƙirjinsa. Ba a jima ba aka ɗaga makara, sawun mutane ya bi lungu ya yi nisa.

Damata ba ta tashi ba. Mata suka shiga hura wuta, wata ta zo ta karɓi tukunyar kokon da ta ƙone ta jiƙa ta. Sai a lokacin Damata ta ji wani ɗan rami a ƙarƙashin babban yatsanta na dama. Ta ɗaga hannu ta duba. Koren ya ɓantare a wurin, shafi ukun duka, fili bai fi ƙwayar goro ba, ɓarɓashinsa na nan a kan siminti. A ciki itacen ne, ja mai duhu, sumul, rana ta yamma na kwance a kansa. Ta sa bakin zaninta ta goge wurin, ta mai da yatsanta.